Wane tsawon gilashin kyamara ya fi dacewa da hoton fuska: 50, 85 ko 135?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fata waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a za su warware mini ita. Kyamarata Nikon ce mai ƙaramar sensa (wato farantin da hoto yake sauka a kai a cikin kyamara), irin wadda ake kira APS-C, kuma har yanzu da gilashin da ta zo da shi nake aiki, wato 18-55, wanda ake juya tsawonsa daga milimita 18 zuwa 55. Wata shida ke nan ina ɗaukar mutane, amma duk lokacin da na matsa kusa domin fuska ta cika hoton, sai in ga hanci ya ƙara girma, goshi ya turo gaba, kunnuwa kuma sun ja baya kamar za su ɓuya. Makon jiya na ɗauki ƙanwata, da na nuna mata sai ta yi shiru na ɗan lokaci, daga baya ta ce wannan ba fuskarta ba ce, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da na tara gilashi ɗaya kawai zai saya mini. Wasu sun ce in sayi 50, wasu sun ce 85, wani ma ya ce idan ba 135 ba ne to ban fara ba. Wanne zan ɗauka?

Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka wahalar da kanka, ka sayi 85 mai buɗewar f/1.8, wato lambar da ke nuna yadda ƙofar shigar haske take buɗewa, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Na haura shekara goma ina ɗaukar fuskoki, kuma a cikin kowane hoto goma da nake miƙa wa mai shi, takwas da 85 na ɗauke su. Gajeren gilashi yana kumbura hanci, dogon gilashi kuwa yana daidaita fuska ya kuma narkar da abin da ke bayan mutum, shi ya sa kowane babban kamfani, daga Canon zuwa Nikon zuwa Sony, yake ƙera 85 musamman domin wannan aikin. Matsalar da ka samu da hoton ƙanwarka daga gilashinka ta fito.

Malamin Kimiyya:
Malam Mai Situdiyo, ina girmama gogewarka, kuma ban musa cewa 85 gilashi ne mai kyau ba, amma akwai gyara a bayaninka wanda idan aka bar shi zai iya sa wannan bawan Allah ya kashe kuɗinsa ba tare da ya fahimci abin da ya same shi ba. Gilashi ba ya kumbura hanci. Abin da yake kumbura hanci shi ne tazarar da ke tsakanin kyamara da fuska, gilashin kuwa aikinsa kawai ya yanke shawarar faɗin abin da zai shiga hoton daga inda kake tsaye.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Tsinin hancin mutum yana gaban kunnuwansa da kusan santimita 10. Idan ka tsaya santimita 50 daga hancin, kunnuwan suna santimita 60 daga gare ka, saboda haka hancin zai fito da girman da ya zarce na kunnuwan da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da yadda suke a zahiri. Ja baya zuwa mita ɗaya da rabi, bambancin ya sauko kusan kashi 7. A mita 3 kusan kashi 3 ne kawai. Babu inda tsawon gilashi ya shigo cikin wannan lissafin.

Sabon Hannu, ina kyautata zaton gilashinka yana kan 18 lokacin da ka ɗauki ƙanwarka, kuma domin kai da kafaɗu su cika hoton a 18 dole ka matso har kusan rabin mita. Abin da ya faru ke nan. Irin wannan ne yake samun masu ɗaukar kansu da waya: a shekarar 2018 wasu masu bincike, cikinsu har da wani likitan gyaran fuska na Jami'ar Rutgers a Amurka, sun lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Hannun mutum ne ya gaza tsawo, laifin ba na wayar ba ne.

Mai Situdiyo:
Malam, na ji lissafinka, amma idona ma shaida ne. Na sha ɗaukar mutum ɗaya da 35 sannan in sauya zuwa 85, kuma ko makaho ya shafa ya san fuskokin biyu ba ɗaya ba ne. Yaya za a ce mini gilashi ba shi da hannu a ciki?

Malamin Kimiyya:
Idonka bai yaudare ka ba, Malam. Sai dai lokacin da ka sauya daga 35 zuwa 85, ƙafafunka ma sun motsa, ka ja baya domin fuskar ta koma girman da take a da, kuma wannan jan bayan ne ya sauya siffarta. Ina roƙonka, da duk wanda yake shakka, ku yi wannan gwajin. Ku zaunar da mutum, ku kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, mita biyu daga gare shi, ku ɗauka da gajeren gilashi, sannan ku sauya zuwa dogon ba tare da kun motsa kyamarar ko da taku ɗaya ba. Ku je kwamfuta ku datse hoton gajeren gilashin har fuskar ta kai girman ta ɗayan hoton, ku ajiye su gefe da gefe. Za ku ga hanci da kunne da haɓa duk daidai suke. Wanda aka datse zai rasa ɗan kaifi saboda an zubar da mafi yawan hoton, kuma dishi-dishin baya zai bambanta, amma siffar fuskar ba za ta sauya ba.

Tsohon Mai Hoto:
Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni tun zamanin fim nake wannan aiki, kuma akwai abin da kuka tsallake ku biyun, wanda shi ne ya fi shafar yaron da ya yi tambaya. Duk waɗannan lambobi da ake ta ambato, 50 da 85 da 135, sun yi suna ne a kan fim mai faɗin milimita 35, wanda hotonsa yake da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Wannan awon ya yaɗu ne ta hanyar kyamarar Leica da Oskar Barnack ya ƙirƙiro a Jamus, wadda ta shiga kasuwa a 1925, kuma shi ne awon babbar sensa ta yau. Idan Mai Situdiyo ya ce 85, a kan babbar sensa yake magana, domin na tabbata irinta yake riƙe da ita.

Sensar kyamarar Sabon Hannu ƙarama ce, kusan milimita 23.5 da 15.6, saboda haka tsakiyar abin da gilashin ya kawo kawai take gani. A Nikon da Sony da Fujifilm ana ninka lambar gilashin sau ɗaya da rabi, a Canon sau 1.6, a kyamarorin Olympus da Panasonic na tsarin Micro Four Thirds kuwa sau biyu. Ke nan 50 a hannunsa zai yi aikin 75, shi kuma 85 zai koma kusan 128. Dalilin da ya sa Fujifilm ta ƙera 56 ke nan, Olympus kuma ta ƙera 45, domin kowannensu ya ba da abin da 85 ko 90 yake bayarwa a babbar sensa. Wanda ya ba shi shawarar 135 bai tambaye shi irin kyamararsa ba, domin a wurinsa zai zama kamar 200.

Yaro, kafin kowa ya ƙara faɗa maka wata lamba, gaya mana a ina kake yawan ɗaukar hotunanka, kuma idan a ɗaki ne, ka auna mana ɗakin.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Baba. Yawancin aikina a cikin ɗaki ne mai taga ɗaya babba, na auna shi yanzu, tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita 3 da rabi. Jefi-jefi nake fita waje.

Na kuma yi gwajin da Malamin Kimiyya ya ce. Ba ni da ƙafa uku, sai na ɗora kyamarar a kan tebur na tokare ta da littattafai, na zaunar da abokina a kujera, na auna mita biyu da tef ɗin awo, na ɗauka a 18 sannan na juya gilashin zuwa 55 na sake ɗauka. Da na datse na farkon na ajiye su tare, na daɗe ina duba kunnuwansa da gefen hancinsa ina neman bambanci, ban samu ba. Har madannin fitilar da ke bango a bayansa yana daidai wurin da yake a hotuna biyun, rabinsa ya ɓuya a bayan kunnensa na hagu. Na kuma duba bayanan hoton ƙanwata, a 18 ɗin na ɗauke shi kamar yadda Malam ya yi hasashe.

Mai Situdiyo:
Ni ma na gwada da rana bayan na sallami masu jira, kuma na ga abin da aka faɗa. Na karɓi gyara, Malam, tazara ce take aikin. Amma ban janye maganata a kan 85 ba, domin a aikace gilashin ne yake tilasta maka tsayawa a tazarar da ta dace. Mai koyo idan ka ba shi gajeren gilashi zai matso kusa ko ya so ko bai so ba, dogon kuwa yana tura shi baya ba tare da ya yi tunani ba. Na amince dai da Baba cewa a kyamararsa lissafin ya sauya.

Malamin Kimiyya:
Wannan magana taka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ba ni da ja a kanta. Yanzu bari mu sa ɗakin nasa a ma'auni. Idan tsawon ɗakin mita 4 ne, za a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin wanda ake ɗauka da bango domin kada inuwarsa ta manne a bayansa, shi kuma mai ɗaukar yana buƙatar kusan rabin mita ya tsaya. Abin da ya rage na aiki bai wuce mita biyu da rabi ba.

A kan sensarsa, idan ya riƙe kyamarar a tsaye, hoton kai da kafaɗu yana buƙatar kusan mita ɗaya da santimita 30 da gilashin 50, da 85 kuma kusan mita biyu da kwata. Duka biyun sun shiga ɗakin. Amma da zarar mutum ya ce yana son hoton ya kai ƙugunsa, 50 zai nemi mita biyu da ɗan abin da ya ɗora, wanda har yanzu yana cikin iyaka, shi kuwa 85 zai nemi fiye da mita uku da rabi, wato sai dai ya fita ta ƙofa. Hoton mutum a tsaye daga kai har ƙafa ba ya samuwa a wannan ɗaki da ko ɗaya daga cikinsu, domin 50 yana son fiye da mita 4, 85 kuma fiye da mita 7, ko 35 ma sai ya sami kusan mita 3. Idan da gilashi ɗaya zai zauna a ɗaki irin wannan, 85 zai ɗaure masa hannu a kan hoto iri ɗaya.

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta kuma na ƙaru, musamman da lissafin Malam, amma ina so in kawo wani ɓangare wanda tef ɗin awo ba ya kama shi. Ni yawancin waɗanda nake ɗauka yara ne da mata waɗanda ba su saba tsayawa gaban kyamara ba, kuma a wurina tazara magana ce ta hira kafin ta zama maganar hanci.

Na taɓa aron 135 daga wata abokiyar aiki domin in ɗauki wata yarinya 'yar shekara huɗu a fili. A babbar sensa nake aiki, kuma domin ta fito gaba ɗayanta tare da ɗan sarari a kewayenta sai da na ja baya kusan mita 6. Daga nan duk abin da zan faɗa mata sai na ɗaga murya, ita kuma da ta ga na yi nisa ina ɗaga murya sai ta ɗauka faɗa nake mata, ta sunkuyar da kai ta riƙe gefen rigarta da hannu biyu, ta ƙi ko ɗagowa. Na cire gilashin na mayar da 50, na zo na durƙusa taku uku daga gare ta, na tambaye ta sunan 'yar tsanar da ke hannunta. Kafin ta gama ba ni labarin na ɗauki hoton da uwarta ta zaɓa. Bayan hoton bai narke kamar yadda 135 zai narkar da shi ba, amma yarinyar tana cikinsa da idanunta a buɗe tana kallona.

Akasin haka ma yana faruwa. Akwai manyan mata da idan ka matso musu mita ɗaya da kyamara sai su takura, kafaɗunsu su ɗage, murmushin ya zama na dole. Irin waɗannan 85 ne maganinsu, domin yana ba su sarari su sake. Saboda haka, ƙanena, ka lura da irin mutanen da suke zuwa wurinka, ka ga a wace tazara suke sakin jiki da kai, wannan ma yana cikin abin da zai zaɓar maka gilashi.

Mai Yawo da Kyamara:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tun da aka fara wannan muhawara ana magana kamar hoton mutum yana nufin fuska kawai a gaban bango mai dishi-dishi, ni kuma ban yarda da haka ba. Sau da yawa abin da ke kewaye da mutum shi ne rabin labarinsa. Idan zan ɗauki kafinta, ina son a ga teburin aikinsa da ɓawon katakon da ya zuba a ƙasa, idan malama ce ina son a ga allo da kujerun ajinta. Ba'amurke Arnold Newman a kan wannan salon ya yi suna, kuma a hotonsa na mai tsara kiɗa Igor Stravinsky na 1946, mutumin yana can ƙuryar hagu ta ƙasa, murfin fiyano ne ya cinye mafi yawan hoton, amma babu wanda zai ce ba hoton Stravinsky ba ne. Da 35 nake irin wannan aiki a babbar sensa, wanda a kyamarar Sabon Hannu yake daidai da 23 ko 24, kuma gilashin da yake da shi yanzu ya riga ya ƙunshi wannan.

Sharaɗi biyu ne kawai. Kada ka matso ƙasa da mita ɗaya da rabi, saboda dalilin da Malam ya bayyana, kuma kada ka sa fuska a can bakin hoton, domin faffaɗan gilashi yana miƙar da abin da ke gefe, kan mutum ya zama kamar ƙwai a kwance. Wanda ya taɓa ɗaukar mutane da yawa a jere da 18 ya san yadda na ƙarshen layi suke fitowa sun fi na tsakiya faɗi. Haka nan duk abin da mutum ya miƙo gaba, hannu ne ko gwiwa ko tafin ƙafa idan yana zaune, zai fito da girman da ba nasa ba.

Malamin Kimiyya:
Wannan miƙewar ta gefe ita ce kaɗai wurin da za a iya cewa faɗin gilashi yana da hannu kai tsaye, kuma na gode da ka kawo ta, domin gwajin da na bayar yana aiki ne idan fuskar tana tsakiyar hoton.

Mai Situdiyo:
To, amma har yanzu ba a amsa maganar dishi-dishin baya ba, kuma mu gaya wa juna gaskiya, shi ne abin da mafi yawan masu zuwa ɗaukar hoto suke nema. Suna so su fito su kaɗai, duk tarkacen da ke bayansu ya narke. Idan tazara ce komai, me ya sa 85 ya fi 50 narkar da baya alhali duka biyun a f/1.8 suke?

Malamin Kimiyya:
A nan kam gilashi yana da hannu dumu-dumu, kuma kai ne da gaskiya. Idan girman mutum a hotuna biyu ɗaya ne, abin da yake yanke yawan narkewar baya mai nisa shi ne ainihin faɗin ƙofar da haske yake shiga, kuma ana samun sa ne idan aka raba tsawon gilashin da lambar buɗewarsa. Gilashin Sabon Hannu a 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6, ƙofarsa kusan milimita 10 ke nan. Gilashin 50 a f/1.8 yana ba da kusan milimita 28, 85 a f/1.8 yana ba da 47, shi kuma 135 a f/2 yana kaiwa kusan 68. Ka ga ashe ko 50 ɗin ma zai ninka masa abin da yake samu yanzu kusan sau uku, kuma zai shigar masa da haske kusan ninki goma, wanda a ɗaki mai taga ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a riƙe abu biyu. Na farko, wannan fifikon na dogon gilashi yana bayyana ne idan bayan yana da nisa, kamar bishiyoyi ko fitilu a can ƙarshen fili. Bangon da ke mita ɗaya a bayan mutum ba zai nuna bambanci mai yawa tsakanin 50 da 85 ba. Na biyu, kaurin wurin da yake fitowa da kaifi a kan fuskar kanta kusan ɗaya ne a gilasan biyu muddin girman fuskar da lambar buɗewar ɗaya ne. A hoton kai da kafaɗu a f/1.8, wannan kaurin kusan santimita 3 ne a babbar sensa, a ƙaramar kuma kusan 5. Idan mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya zai fito tar, ɗayan ya dusashe, hanci da kunne kuwa sun riga sun fita.

Mai Situdiyo:
Wannan na sha shi a farkon aikina. Shi ya sa a cikin situdiyo, inda fitila take hannuna kuma bayan ƙyalle ne, a f/5.6 ko f/8 nake ɗauka. Sai a waje nake buɗewa, kuma ko a can na fi tsayawa a f/2.8.

Tsohon Mai Hoto:
Tun da an yi wa kusanci bayani sosai, bari in faɗi illar nisa, domin na ga matasa da yawa sun ɗauka cewa duk yadda gilashi ya ƙara tsawo haka hoto yake ƙara kyau. Idan ka yi nisa fiye da kima fuska tana shafewa, ta yi faɗi, kunnuwa su fito fili a gefe, wuya ya yi kauri, zurfin da ke tsakanin hanci da kunci ya ragu har mutum ya zama kamar an manna shi a takarda. Mai siririyar fuska yakan amfana da wannan, mai faffaɗar fuska kuwa yakan ga an ƙara masa ƙiba. Mun saba ganin fuskokin mutanenmu ne daga tazarar hira, mita ɗaya da rabi zuwa uku, kuma hoton da aka ɗauka a cikin wannan tazarar shi ne mai shi yake dubawa ya gane kansa. Gilasan 85 zuwa 105 sun samu karɓuwa ne domin a kan fim suna cika hoto da kai da kafaɗu daga daidai wannan wurin. Hoton yarinyar nan 'yar Afganistan mai koren ido da Steve McCurry ya ɗauka a 1984, wanda ya fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yuni na 1985, da Nikon 105 mai f/2.5 aka ɗauke shi, a cikin tanti, da hasken rana kawai. A kyamararka, yaro, abin da zai ba ka wannan faɗin shi ne 70, kuma 50 ya fi kusa da shi a aikin cikin ɗaki fiye da yadda kake zato.

Akwai kuma rawar hannu. Ƙa'idar da muka tashi da ita ita ce saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, kuma a ƙaramar sensa da lambar da aka ninka ake lissafi. Da 50 za ka tsira a 1/80 na daƙiƙa, da 85 sai 1/125 ko sama, alhali hasken tagarka ba ƙaruwa zai yi ba. Ni ina ba da shawarar 1/125 ko da wane gilashi ne, domin mutum mai rai ba ya tsayawa cak.

Uwar Biyu:
Baba, da yara ma 1/250 nake farawa. Ina so in ƙara wa Sabon Hannu wata dabara da ba za ta ci masa ko kwabo ba. Tun da gilashinka yana tafiya daga 18 zuwa 55, ka juya shi zuwa 50 ka liƙe zoben da ɗan salatif, ka yi mako guda ba ka taɓa shi ba, duk wanda za ka ɗauka da ƙafarka za ka matsa ko ka ja baya. Mako na biyu ka liƙe shi a 35. A ƙarshe za ka san wanne ne ya yi daidai da ɗakinka da mutanenka. Shi 85 ba za ka iya gwada shi haka kai tsaye ba, amma idan ka ɗauka a 55 ka datse hoton ya rage kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa da na faɗinsa, abin da 85 zai gani ke nan.

Mai Yawo da Kyamara:
Wani abu kuma da ya kamata ya bincika kafin ya biya. Ƙananan kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita kaifi a jikinsu, saboda haka tsohon 50 mai harafin D a ƙarshen sunansa zai hau kyamarar amma sai dai a saita shi da hannu. Wanda aka rubuta wa AF-S, mai harafin G, shi ne yake da injinsa a ciki. Na ga wanda ya sayi na farkon yana murna ya samu da sauƙi, ya dawo gida ya tarar ba ya saita kansa.

Sabon Hannu:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana goma ne domin in bi shawarar Hajiya. Kyamarata tana cikin jerin da Malam Mai Yawo ya ambata, don haka wannan gargaɗin ya zo a kan gaɓa.

Ga abin da na gani. A 35 na samu sarari, har mutum biyu a zaune suna shiga, amma duk lokacin da na so fuska ta cika sai in tsinci kaina ƙasa da mita ɗaya, kuma hancin ya fara dawowa. A 50 kusan duk abin da nake so ya shiga, daga kai da kafaɗu har zuwa ƙugu, sau biyu ne kawai bayana ya taɓa bango. Da na gwada datse hoton domin in ga aikin 85, fuskokin sun yi kyau ƙwarai, amma na lura hoto iri ɗaya zan riƙa fitarwa a wannan ɗaki. Zan sayi 50 mai f/1.8 na AF-S, shi kuma 85 zai jira har lokacin da aikin waje ya yi yawa.

Jiya na sake ɗaukar ƙanwata da tsohon gilashin nan a 55. Na zaunar da ita gefen taga, na tsaya mita ɗaya da rabi, na sa kyamarar daidai tsayin idonta. Ta karɓa ta duba, ta faɗaɗa hoton da yatsa har kan hancinta, sannan ta ce in tura mata shi.

Mai Situdiyo:
Madalla, ƙanena. Idan gilashin ya iso, kada ka fara da f/1.8, ka sa shi a f/2.8, ka ɗora ɗigon saitin a kan idon da ya fi kusa da kai, ka kuma matsar da kujerar gaba kaɗan daga bango gwargwadon yadda ɗakin ya bari. Ka turo mana hotuna uku na farko tare da tazarar da ka tsaya a kowanne, ina so in ga yadda hasken tagar nan yake sauka a gefen fuskar da ke cikin inuwa.